Tagwayen layuka da ƙasar da ke yi musu rakiya

Na daɗe ina ɗaukar jan ƙarfen da ake shimfiɗawa a gefen layukan sigina, wanda ake kira ƙasa (ground), wato hanyar da lantarki ke bi ya koma, a matsayin cike gurbi kawai, har ranar da na zana allon lantarki mai fuska biyu, mai kaurin milimita 1.6, wanda zai ɗauki USB 2.0. Ƙa'idar USB tana son imfidans (turjiyar da layi ke yi wa sigina) na om 90 tsakanin tagwayen layukan da ke ɗaukar siginarta, amma da yake shimfiɗar ƙasa tana can a ɗaya fuskar, nesa da su, sai lissafi ya ba ni layuka masu faɗin da ba za su shiga tsakanin ƙafafun soket ba. Da na matso da ƙasar ta zauna dama da hagu a fuska ɗaya da layukan, sai faɗin ya ragu.

Wannan tsari shi ne injiniyoyi ke taƙaita sunansa da CPW (coplanar waveguide), kuma Cheng P. Wen ne ya gabatar da shi a 1969 yana aiki a kamfanin RCA, da layi guda a tsakiya. A nau'in tagwaye, layuka biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na ɗauke da sigina, ɗayan na ɗauke da kishiyarta, mai karɓa kuwa bambancinsu yake karantawa, don haka hayaniyar da ta faɗa musu tare ba ta cika yin tasiri ba. Faɗin layi, ratar da ke tsakanin tagwayen, ratar da ke tsakaninsu da ƙasar gefe, da kaurin allon, duk suna jan imfidans, har fentin da ake shafawa a sama yana ɗan rage shi.

Inda na fi ganin ana sakaci shi ne ɗinke ƙasar gefe da ta ɗaya fuskar da ƙananan ramukan haɗi. Zirin jan ƙarfen da aka bari babu ɗinki yakan zama kamar eriya, ya riƙa amsa amo a wasu mitoci, ya dagula siginar da aka ajiye shi ya tsare. A cikin FR-4, abin da aka fi yin allon da shi, sigina tana cin kusan santimita 15 a nanosakan ɗaya, wato a gigahaz 5 tsawon zangonta bai wuce santimita 3 ba, shi ya sa nake jera ramukan da tazarar da ba ta haura milimita 3 ba, kashi ɗaya cikin goma ke nan. Kuma ratar dama dole ta yi daidai da ta hagu, domin idan ƙasa ta fi kusa da layi ɗaya, daidaiton tagwayen ya rushe, wani ɓangaren siginar ya koma hayaniya.

Ethernet da HDMI kuwa imfidans na om 100 suke so, ba 90 irin na USB ba. Ko wanne ne dai, ba na tsayar da faɗin layi yanzu sai masu buga allon sun aiko mini da ainihin kaurin kowane hawa na allon, domin yawancinsu alkawarin da suke yi shi ne kuskuren imfidans ba zai wuce kashi 10 cikin ɗari ba.