Abin da ɗaukar bikin yaye ɗalibai ya koya mini

Tun da annobar korona ta rufe jami'o'i a 2020, bikin yaye ɗalibai ya rabu gida biyu: wasu a zaure sanye da rigunan digiri, wasu a gida gaban waya ko kwamfuta. Annobar ta lafa amma tsarin ya zauna, domin kullum akwai kakar da tafiya ta gagare ta, da ɗalibin da ya riga ya koma ƙasarsu. Aikina shi ne haɗa bidiyon da na nesa suke gani, kuma na fahimci cewa kowannensu suna ɗaya yake jira.

Uwa za ta zauna awa biyu tana sauraron jawabai saboda 'yan daƙiƙun da za a kira ɗanta ya hau dandamali. Idan a lokacin kyamara tana kan shugaban jami'a, ko rubutun ƙasan allo ya nuna sunan wani, a wurinta aikinmu ya tashi a banza. Shi ya sa jerin sunaye ya fi komai cin lokacina. Jerin ofishin magatakarda da wuya ya dace da layin da ke zaure, wani ya makara, wata ta sauya wuri. Sai muka koma ba kowa katin sunansa, ya miƙa a bakin matakala, mai kira ya karanta daga katin, mai saka rubutu kuma ya bi abin da kunnensa ya ji. Kafin ranar mukan roƙi ɗalibai su turo muryarsu suna faɗin sunansu, don a kira shi yadda iyaye suka raɗa.

Sai sauti. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma murya na fara shaƙewa zai fita. Daga na'urar haɗa sauti ta zauren nake jan murya da kebul, sannan in juya makirufo ɗaya wajen jama'a. In babu shi, a kira suna a ji tsit, alhali zaure ya kaure da tafi. Ɗaliban nesa da ke kan Zoom, manhajar taro ta bidiyo, kuwa ana mayar musu da sautin zaure ban da muryarsu, in ba haka ba amsa-kuwwa ta cika wuri. Kiɗan shigowa ma sai an tantance shi, domin YouTube na iya katse shiri yana tsakiyar tafiya idan ya gano kiɗa mai haƙƙin mallaka.

Intanet da kebul nake haɗa shi, don Wi-Fi da ya yi gudu lokacin gwaji yakan durƙushe idan zaure ya cika da wayoyi. Ina kuma naɗar komai a kwamfuta da OBS, manhajar naɗa da watsa bidiyo, ko da layi zai yanke.

Inda na fi dagewa shi ne kan ɗaliban da ba su samu zuwa ba. Tara su a ƙarshe a karanta sunayensu a gurguje, lokacin da mutane sun fara miƙewa, rashin adalci ne, don wahalar karatu ɗaya suka sha da na zaure. Muna sa kowa a gurbinsa cikin jerin tsangayarsa, fuskarsa ta fito a babban allo, mai kira ya dakata masa daidai yadda yake dakata wa mai hawa dandamali har tafi ya lafa.