Kratos da Sun Wukong: Gardamar da Ta Kai Ni Ga Wasan Black Myth

Gardamar ta taso ne tsakanina da ƙanena wani dare bayan sallar isha'i, lokacin da ya kafe a kan cewa a duk jaruman wasannin bidiyo babu wanda zai iya ja da Kratos, gwarzon nan na jerin wasannin God of War. Hujjarsa ba ta banza ba ce, domin tun daga wasan farko na shekarar 2005 wannan mutumin Sparta ya kashe Ares, ubangijin yaƙi a tatsuniyoyin Girkawa, ya zo a 2010 ya gama da Zeus, sarkin allolinsu, sannan ya ƙetara ƙasar ƙanƙara ta tatsuniyoyin arewacin Turai ya kashe allolinta Baldur da Heimdall, ya kuma yi gaba da gaba da Thor. Na ce masa akwai wani biri a adabin mutanen Sin da ake kira Sun Wukong wanda nake ganin Kratos ba zai sha da daɗi a hannunsa ba. Ya dube ni ya ce, "Haba Yaya, biri kuma?" Wannan tambaya tasa ce ta sa na zauna na buga Black Myth: Wukong daga farko har ƙarshe, domin ban so in ci gaba da jayayya a kan abin da na sani ta hanyar karatu kawai. Ina sanar da mai karatu tun yanzu cewa zan taɓo wasu sirrikan labarin wasan.

Kamfanin Game Science na ƙasar Sin ne ya fitar da wasan a ranar 20 ga Agusta, 2024, a kan kwamfuta da PlayStation 5, kuma cikin kwana uku aka sayar da kwafi miliyan 10. Tushensa shi ne littafin nan na ƙarni na 16 da ake danganta wa Wu Cheng'en, littafin da sunansa ke nufin tafiya zuwa yamma, mai babi 100, inda ake ba da labarin wani malamin addinin Buda da ya nufi Indiya neman littattafai, biri da alade da wani dodon kogi suna yi masa rakiya. Malamin kansa an gina shi ne a kan mutum na gaskiya, Xuanzang, wanda ya yi wannan tafiya a ƙarni na 7. Waɗanda suka tashi da kallon Dragon Ball sun riga sun san wannan biri ba tare da sun ankara ba, domin Son Goku shi ne yadda Japanawa ke karanta sunan Sun Wukong, kuma sanda mai tsawaita da gajimaren hawa duk daga can aka aro su.

Masu irin wannan gardama ta wa zai ci wa sun saba da lissafa bajinta, wannan ya ɗaga dutse, wancan ya fasa duniya, sai a ɗora su a sikeli a ga wanda ya rinjaya. Idan wannan hanya za a bi, Wukong yana da abin nunawa. Sandarsa tana da nauyin jin 13,500, wato kusan tan 8, amma yana mayar da ita kamar allura ya soke a kunne. Alkafura ɗaya tana kai shi li 108,000, kimanin kilomita 54,000 a awon yau, wanda ya zarce kewayen duniya gaba ɗaya. Yana da rikiɗa iri 72, yana tsige gashin jikinsa ya hura ya zama rundunar birai irinsa, ya shiga lahirar tatsuniyarsu ya goge sunansa daga littafin mutuwa, ya cinye 'ya'yan itacen dawwama, an kuma jefa shi cikin tanderun Laozi, wani babban dattijon sama, na kwana 49 ya fito da ransa. Da wannan jeri na fara tunkarar ƙanena, kuma na yi zaton magana ta ƙare a nan.

Wasan ne ya nuna mini cewa na ɗauko maganar ta wutsiya. A buɗewarsa ana ba ka Wukong da cikakken ƙarfinsa na 'yan mintoci, yana fafatawa da Erlang Shen, jarumin sama mai ido uku, a gaban rundunar sama, sannan a karɓe shi daga hannunka. Abin da ya kayar da shi a wannan fage ba dukan Erlang ba ne kaɗai, zoben nan ne na zinariya da aka taɓa ɗaure masa kai da shi ya sake bayyana ya matse shi a tsakiyar faɗa. Daga nan sai a miƙa maka wani ƙaramin biri marar magana daga Dutsen Huaguo, wanda aka ɗora wa nauyin tattaro abubuwa shida da Wukong ya bari, ɗaya a kowane babi na wasan. Wannan biri yana mutuwa, kuma yana mutuwa da yawa.

Faɗan wasan an gina shi ne a kan kaucewa. Babu garkuwar da za ka laɓe a bayanta, sai dai ka karanci motsin abokin gaba ka goce a daidai lokacin da makaminsa zai sauka, kana tara kuzari da ƙananan duka har ka samu damar sauke masa babba. Riƙon sandar iri uku ne: akwai na rotse, akwai wanda biri ke ɗarewa kan sandar ya tsaya a sama yana kallon harin da ke wucewa ta ƙasa, akwai kuma na suka kamar mashi. A gefe guda akwai sihirce-sihirce, kamar wanda ke daskarar da maƙiyi na 'yan daƙiƙoƙi, da wanda ke mayar da jikinka dutse, da na tsige gashi a samu mataimaka. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya warware duk ƙwarewar da aka zaɓa a sake rarraba ta kyauta a wuraren ƙona turare, kuma mutuwa ba ta raba ka da abin da ka tara. Saboda haka wasan yana da zafi amma ba shi da mugunta, yana so ka sake dabara ne, ba ka sake wahala ba.

Inda na fahimci ainihin lamarin shi ne a babi na biyu, cikin hamada mai rairayi ruwan ɗorawa, inda wani mawaƙi marar kai yake bin ka da kiɗan molonsa mai tsirkiya uku. Babban bos na wannan babi, wato abokin gaban da ake rufe babin da shi, wani ɓera ne mai sarrafa guguwa, kuma na kwashe dare biyu yana kayar da ni, domin da zarar faɗa ya yi nisa sai ya tayar da iskar da ke rufe ido ta ɗauke ka daga ƙasa. Na ƙara ƙarfin sanda, na canza sulke, na ƙara yawan kurɓin goran magani, duk a banza. Sai da na koma baya na bi wata ɓoyayyiyar hanya da ta kai ni tsohuwar masarautar Sahali, na samo wani abin tsafi da ke kwantar da iska, sannan na dawo na gama da shi ba tare da wata doguwar wahala ba. Haka abin yake a babi na farko, inda mayafin da wuta ba ta ci yake rage kaifin baƙin beyar nan, haka kuma a babi na huɗu, inda wata allura ke karya hasken dodo mai ido ɗari. Mu a Hausa muna da kalmar da ta dace da wannan tsaf, wato makari. Kowane asiri da makarinsa.

Da na koma ga labarin asali sai na ga masu wasan ba ƙirƙirar wannan tsari suka yi ba, amana suka riƙe. A cikin littafin, wannan iska ta ɓeran ta lahanta idanun Wukong har sai da ya je neman taimakon Lingji, wani waliyyin addinin Buda. Hayaƙin wutar wani aljani da ake kira Jan Yaro ya kusa halaka shi sai da Guanyin, ita ma waliyyiyar addinin Buda, ta sa hannu. Kunamar da ta harbe shi a ka, carar zakara ce ta kashe ta. Ko faɗansa da Erlang, wanda a ganina yana cikin mafi daɗin faɗace-faɗacen da aka taɓa rubutawa, gasar rikiɗa ce: ya zama ɗan tsuntsu Erlang ya zama shaho, ya faɗa ruwa ya zama kifi Erlang ya zama tsuntsu mai kamun kifi, a ƙarshe ya rikiɗe ya zama ɗakin bauta, bakinsa ƙofa, idanunsa tagogi, amma ya rasa yadda zai yi da wutsiyarsa sai ya mayar da ita sandar tuta a bayan ginin, kuma ta nan aka gane shi, tunda ba a kafa tuta a bayan ɗakin bauta. Duk da haka ba a kama shi ba sai da Laozi ya jefo masa zobe daga sama ya buge shi a ka, karen Erlang kuma ya cije shi a ƙafa. Shi kuwa Buda bai kai masa duka ko ɗaya ba kafin ya ci shi da caca: ya ce ya fita daga tafin hannunsa in ya isa, biri ya yi alkafurarsa ya isa wasu ginshiƙai biyar da ya ɗauka ƙarshen duniya ne, ashe yatsun hannun ne. Dutse aka kifa masa na shekara 500. Duk wanda ya tashi da jin tatsuniyoyin Gizo ya san irin wannan jarumi, mai wayon da ke fitar da shi daga rami kuma yake jefa shi cikin wani.

Wasan yana da aibobinsa, kuma ba zan ɓoye su ba. Wuraren suna da kyau ƙwarai, domin an ɗauko siffar ainihin tsofaffin wuraren bauta da sassaƙe-sassaƙe na ƙasar Sin, akasarinsu daga lardin Shanxi, amma sau da yawa za ka hango hanya a buɗe ka nufe ta sai ka ci karo da bangon da ba a gani. Lokacin da ya fito ba shi da taswira, sai daga baya aka ƙara ta. Kurkukun hasumiyar nan ta babi na uku, mai siraran hanyoyi da sautin da ke rage maka rai, ta fi kama da horo fiye da wasa, babi na shida kuma fili ne mai faɗi da ba a cika shi da abin yi ba. Labarin ma yana ɗauka cewa ka riga ka san littafin, saboda haka wanda bai karanta bayanan da ake rubutawa game da kowane dodo ba zai ga fuskoki suna zuwa suna wucewa bai san dalilin kukansu ba. Ga mu kuma da ke sayen data da tsada, wasan da ke neman gurbin gigabait 130 a kwamfuta ba ƙaramin al'amari ba ne. Sai dai gajerun finafinan zane da ke rufe kowane babi, kowanne da salonsa daban, sun biya ni wani kaso mai yawa na wannan haƙuri. A bikin The Game Awards na 2024 ya karɓi kambun wasan faɗa mafi kyau da kuma na zaɓin 'yan wasa, babban kambun shekara kuwa Astro Bot ne ya tafi da shi, kuma ina ganin wannan rabo ya yi adalci.

Da na koma wurin ƙanena, ban sake karanta masa nauyin sanda ba. Tambayarsa na yi yadda Kratos ya ci manyan faɗace-faɗacensa. Ya yi shiru kaɗan, domin ya fi ni sanin amsar. Ares bai faɗi ba sai da aka buɗe akwatin Pandora, wanda ya ba Kratos ƙarfin kashe shi. Baldur ba ya jin ciwo kuma ba ya mutuwa, Kratos ya karya masa wuya a farkon wasan 2018 amma ya tashi ya dawo, sai da tsinin kibiyar kauci da ke jikin Atreus, ɗan Kratos, ya soki Baldur sannan asirin ya karye. Heimdall yana ganin niyyar mutum kafin ya motsa, shi ya sa aka ƙera mashin Draupnir musamman dominsa. Ashe shi ma gwarzon nasa mai neman makari ne, kuma rabin nasararsa tana hannun maƙera Brok da Sindri da kuma yankakken kan masani Mimir da ke rataye a ƙugunsa yana ba shi shawara.

Hukuncina shi ne, idan aka sauke su biyun a fili ɗaya babu shiri, Wukong ne zai yi rinjaye. Gatarin Leviathan da wuƙaƙen sarƙa makamai ne na kisa, shi kuwa wannan biri rundunar sama ta gwada sara da wuta da tsawa a kansa ba su yi masa komai ba. Ba a kashe shi, sai dai a ɗaure shi ko a danne shi, kuma Kratos ba ya yawo da zoben matse kai ko dutsen da zai kifa masa. Ƙanena ya amince da wannan, amma ya kawo hujjar da har yanzu ban iya ture ta ba. Ya ce Kratos ya mutu ya faɗa lahirar Girkawa fiye da sau ɗaya ya hauro da ƙafarsa, saboda haka kayar da shi a ranar farko ba ya nufin an rabu da shi, kuma idan ya dawo karo na biyu zai zo ne bayan Mimir ya ba shi labarin zoben da addu'ar da ke matse shi. Na ce to sai ya fara samo wanda zai koya masa addu'ar, domin a littafin daga Buda ta fito, Guanyin ta koya wa malamin. A nan muka tsaya a daren, shi kuma ya karɓi wasan ya fara daga babi na farko, kuma a halin yanzu yana can yana fama da wani dodo mai ƙaton kai da ke yawo a dajin farko, wanda na gaya masa ya wuce shi tukuna amma ya ƙi.