Abin da gashin kwamfuta ya koya mini game da kitso

A ɗan sutudiyon da nake aiki a Yaba ta Legas, mutane masu motsi muke ƙerawa a cikin kwamfuta don tallace-tallace da wasannin waya. Wani ya sassaƙa fuska, wani ya ɗinka tufafi, wani ya sa ƙasusuwan da za su motsa jiki. Ni gashi ne rabona: sumar kai, gira, gashin ido, saje da gemu. Mutane kan raina wannan ɓangaren, sai ranar da suka ga fuskar da aka sha wahalar gyarawa ta ƙi yin kama da ta mutum saboda gashin bai zauna ba.

Kan ɗan Adam na ɗauke da gashi wajen 100,000, kuma ba wanda zai zauna ya dasa su ɗaya bayan ɗaya. Ana shimfiɗa 'yan ɗaruruwan sili ne da muke kira jagorori, a taje su da burushin manhaja, sai kwamfuta ta cike tsakaninsu da dubban 'ya'ya masu bin sawunsu. Manyan kamfanoni sun fi aiki da XGen, kayan gashi na cikin manhajar Maya, ko da manhajar Houdini. Ni da manhajar Blender na koya, domin kyauta ce, kuma a Legas wannan ba ƙaramin dalili ba ne ga mai farawa. A 2022 Blender 3.3 ta zo da sabon tsarin gashi, a 2023 kuma 3.5 ta ƙara shiryayyun kayan aiki: na dunƙule gashi, na nannaɗe shi, na hargitsa shi, har da na kitsa shi.

Babban abin da na koya shi ne duk waɗannan kayan da gashi miƙaƙƙe aka gina su. Ka dasa sili, zai fito a tsaye sambal, nauyi ya ja shi ƙasa, mataji ya kwantar da shi. In kana son irin namu, sai manhaja ta ce ka ɗauki wannan miƙaƙƙen ka murɗa shi. Sakamakon kuwa nannaɗe ne mai tsari, kowane sili da faɗin zagayensa iri ɗaya daga tushe har baki, duk suna juyawa gefe guda. Duk macen da ta taɓa tsefe kanta ta san ba haka gashinmu yake ba. Kusa da fata a cunkushe yake, kowane sili da tasa hanyar, sai ya ɗan yi nisa sannan wasu su haɗu su riƙa nannaɗewa tare. Sili guda yakan yi ta juyawa dama, kwatsam ya karya ya koma hagu. Wani ya fita daga cikin 'yan uwansa ya tsallake zagaye ɗaya ko biyu sannan ya dawo. Waɗannan ne suke ba suma cika da laushin da ido ke gani, kuma su ne ba a sa a lissafin ba.

Na ji daɗi ƙwarai da na ga masana sun fara ɗaukar maganar da muhimmanci. A 2024 Theodore Kim na Jami'ar Yale da A.M. Darke ta Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Kurus, tare da abokan aikinsu, sun gabatar da bincike a SIGGRAPH Asia, taron masana zanen kwamfuta, kan lissafin gashi mai tsananin nannaɗewa, kuma waɗannan siffofi uku da na ambata su ne suka zayyana. Ita Darke ɗin ce ta kafa Open Source Afro Hair Library, rumbun gashin baƙar fata da kowa zai iya ɗauka kyauta. Amma a tuna tun 1989 masana biyu, Kajiya da Kay, suka fitar da hanyar zana gashi a kwamfuta. Shekara 35 ke nan kafin irin gashin da ke kan ɗaruruwan miliyoyin mutane ya samu irin wannan kulawa. Wannan jinkirin yana yi mini ciwo, domin yaranmu suna buga wasanni su zaɓi fatar da ta yi kama da tasu, su zo kan gashi su tarar da zaɓi kaɗan, mafi yawa ma ba su yi kyau ba.

Kitso kuwa ya fi komai ba ni aiki, kuma ba a gaban kwamfuta na fahimce shi ba. Tun ina ƙarama ake yi mini kitso, amma wadda ake yi wa ba ta ganin hannun makitsiya, kanta na sunkuye. Goggona tana kitso a Agege, sai wata Asabar na je na nuna mata a waya wani shuku da ofishinmu ya saya a kasuwar intanet don a rage aiki. Ta karɓa ta matso da shi kusa da ido.

"Ke 'yar nan, wannan ai igiya aka ɗora mata a ka. Ina gashin da ya shiga ciki?"

Na ce, "Goggo, ga tsagar nan a tsakani."

Ta ce, "Tsaga kam na gani. To daga tsagar zuwa kitson fa? Kitso daga fata yake tashi. Zauna nan ki kalla."

Na zauna a bayanta tana yi wa wata yarinya. Ta tsaga da tsinke tun daga goshi har ƙeya, ta lakato mai ta bi layin da yatsa, fatar ta fito da haske tana ƙyalli, launinta ya fi na goshin yarinyar haske. Ta kama 'yan siraran gashi uku a bakin goshi. Duk sanda ta tsallakar da ɗaya, sai ɗan yatsanta ya tsinto sabon gashi daga gefen tsagar ya haɗa da shi. Shi ya sa kitson ke farawa siriri, ya yi kauri a tsakiyar kai, ya sake sirancewa a jela inda babu abin ƙarawa. Tsakanin tsaga da jikin kitson akwai gajerun gashi a miƙe, a karkace, an ja su tamau, har fatar goshi ta ɗan ɗaga. A bakin goshi da gaban kunne kuma ga 'yan ƙananan da suka ƙi kamuwa, sun nannaɗe abinsu.

Da na koma aiki, tsarin ginina gaba ɗaya ya juya. Kayan kitson da ke cikin Blender kalaba yake iya bayarwa, wato kitso mai reto, ba wanda ya kwanta a fata ba. Yanzu da tsaga nake farawa: in zana taswirar kai tukuna, in raba fata gida-gida yadda makitsiya za ta raba, in fenta launin fatar da maiƙonta. Sannan in ja layi a tsakiyar kowane gida, in sa igiyoyi uku su bi shi suna saƙa, kowace tana bayan 'yar uwarta da sulusin zagaye, kaurinsu na ƙaruwa yana raguwa. Daga ƙarshe in dasa gajerun gashin da ke tashi daga fata su nutse cikin kitson. Wannan na ƙarshen shi ne ke sa mai kallo ya yarda, ko da bai san dalilin ba. Don samun fasali iri-iri nakan koma ga hotunan J.D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoton da ya zauna a Legas, wanda tun 1968 ya riƙa ɗaukar kitson matan Najeriya har kusan hoto 1,000. Yawanci daga baya ko daga gefe ya ɗauka, inda tsaga ke fitowa sarai, kuma wannan ne ainihin abin da mai irin aikina ke nema.

Sai maganar haske. Binciken Marschner da abokansa na 2003 ya nuna haske na bin hanya uku a silin gashi: wani ya dawo tun daga waje bai shiga ba, wani ya ratsa ya wuce, wani ya shiga ya bugi ciki ya fito da launi. Baƙin gashi cike yake da melanin, sinadarin da ke ba shi launi, mai shanye hasken da ya shiga, don haka kusan na farkon kaɗai ke saura. In fitilun da muke haska kan da su a cikin manhaja ba su zauna daidai ba, kan zai fito baƙi ƙirin babu fasali. Da yawa sai su rage melanin ɗin, gashin ya koma ruwan ƙasa. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. A bar gashin da baƙinsa, a gyara fitila: a sa babba mai laushi daga sama, a sa wata daga baya ta zana gefen kai.

Akwai kuma abin da Legas kanta ke koyarwa. Da jerin ɗigo kwamfuta ke zana kowane sili. Miƙaƙƙen sili ɗigo 8 ya ishe shi, amma mai nannaɗewa kowane zagaye sai ya ci ɗigo da yawa, don haka kai guda na iya cika ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ga wuta da ba ta da tabbas, ga kuɗin man janareta, ga katin zane, wato ɓangaren kwamfuta mai fitar da hoto, da farashinsa a kasuwar Computer Village ta Ikeja ke bin dala. Dole ka san inda za ka kashe sili da inda za ka yi tsimi. A wasan waya ma ba a amfani da sili, faffaɗan ƙyallaye ake jerawa masu hoton gashi a jiki, kuma askin maza yakan fi kyau da zanen fata mai kyau da 'yan ƙyallaye kaɗan a gefe.

Mutanenmu kuma sau da yawa kansu a rufe yake. Idan aka kawo mini Bahaushe da hula ko mace da ɗankwali, abokan aikina kan ce yau na huta. Ba hutu ba ne. Abin da ya rage a waje shi ido zai zuba wa: layin da wanzami ya fitar a ƙeya, sajen da ya gangaro ya haɗe da gemu, furfurar da ke fara fitowa a haɓa kafin ta hau kumatu, tudun kitso da ke nunawa ta ƙarƙashin ɗankwali, da 'yan gashin goshi da suka leƙo. A kan gemun dattijo guda nakan daɗe fiye da yadda nake daɗewa a kan cikakkiyar suma.

Yanzu doka nake son ginawa, irin ta iyayenmu mata ta dā mai tudu a tsakiyar kai. Goggo ta ce akwai wata tsohuwa a unguwarsu da har yanzu ta iya, kuma za ta nema mini izininta in zauna in kalla, in ɗauki hoton kan daga sama da gefe da ƙeya kafin a ɗaura kallabi.