Godiya bayan kare kundin digirina na uku

Alhamdu lillahi. Ranar Talatar da ta gabata na tsaya gaban kwamitin farfesoshi a nan China na kare kundin digirina na uku a kimiyyar sinadarai, kuma sun amince da aikin. Saƙonnin taya murna sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, don haka ga godiyata a dunƙule, kowa ya ɗauki rabonsa.

Hajiyarmu ce farko. Duk Juma'a sai ta kira, tambayarta ba ta canzawa: "To, an gama kuwa?" In na ce da saura, sai ta ce Allah ya sa a gama lafiya, ta shiga ba ni labarin unguwa. Hajiya, an gama. Allah ya ƙara miki lafiya, ya jiƙan Baba da ya fara kama hannuna zuwa makaranta.

Kawu kuma ya ce ba zai karɓi godiya ba sai na faɗa masa da Hausa abin da ya tsare ni shekara da shekaru. To Kawu, ga shi. Aikina a kan katalis ne, wato abin da ke sa sinadarai su haɗu da sauri alhali shi bai ƙare ba. Kamar dillali yake: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya juya ya tari wasu. Takin yuriya da kake zuba wa masararka da taimakonsa ake yin shi. Tun 1913 masana'antu ke haɗa naitirojin na iska da haidurojin a kan katalis na baƙin ƙarfe, bisa hanyar Haber da Bosch, cikin zafin da ya haura digiri 400, su samar da amoniya, wadda da ita ake yin yuriya. Haka nan abin da ke cikin salansar mota, wanda makanikai ke ce wa indomi, shi ma katalis ne, ɓarayi na kwance shi ne saboda ɗan filatinam da faladiyam da rodiyam da ke ciki, ƙarafa ne masu tsada.

Matsalar ita ce tsada. Yawancin filatinam na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi, kuma ko an niƙa shi ya zama gari, ƙwayoyin zarra da ke saman kowane ɗan dunƙule ne kaɗai ke aiki, na ciki suna kwance an biya kuɗinsu a banza. A 2011 ayarin Farfesa Zhang Tao na cibiyar bincike ta Dalian da abokan aikinsu suka nuna cewa ana iya baza filatinam ƙwaya ɗaya-ɗaya a kan tsatsar ƙarfe, kowace ta yi aiki. Ni kuma na bi layin masu son a rabu da filatinam ɗin gaba ɗaya: ƙwayar baƙin ƙarfe guda, naitirojin huɗu sun riƙe ta a cikin kabon, irin zaman da ƙarfe ke yi a jinin mutum. Ana so ta yi aikin filatinam wajen sarrafa iskar oksijin a batirin haidurojin, wanda ruwa kawai yake fitarwa maimakon hayaƙi. Amma don Allah a daina rubuta cewa na ƙirƙiro motar da ba ta shan mai. Irin wannan katalis yana aiki da kyau a farko, sai dai a cikin asid ba ya daɗewa kamar filatinam, kuma dalilin lalacewarsa shi ne rabin kundina.

Malamina da ya duba aikin, na gode. Mutum ne da ba ya yabo da wuri. In ka kai masa sakamako mai daɗi, sai ya ture takardar ya ce a maimaita, a kawo masa hujjar cewa ƙwayoyin ba su dunƙule ba, don da sun ji zafi halinsu ke nan, su taru wuri ɗaya. A lokacin abin na ci mini rai. Ranar kare kundi, tambayar da ta fi kowace zafi a kan wannan ce, kuma amsar na hannuna.

Wadda ba za a ga sunanta a bangon kundi ba amma ta cancanci shafi guda ita ce ma'aikaciyar da ke kula da madubin lantarki, wato na'urar da ke girmama abu har a ga ƙwayoyin zarra. Ɗakin nan sanyi ƙarara, ba a ɗaga murya, ko ƙofa ba a bugawa saboda girgiza kaɗan tana ɓata hoto. Ta kan zauna tana murza maɓalli a hankali har ɗige-ɗige masu haske su fito a allo, kowane ɗigo ƙwayar zarra guda. Ranar da na fara ganin nawa a warwatse, babu dunƙule ko ɗaya, ta nuna allon da biro ta ɗaga mini babban yatsa. Haka abokan ɗakin gwajinmu da muka riƙa kwana a cibiyar sinkurotiron ta Shanghai, wato katafariyar na'urar da ke ba da haske mai ƙarfi don binciken yadda ƙwayoyin zarra suke zaune, inda lokacin da aka ba ka a kan na'ura shi ke nan, ko da ƙarfe uku na dare ne. Su ne ke canjina in je in yi sahur.

Malaminmu na kemistiri a sakandare, wanda ya jefa ɗan yankin hanta a ruwan haidurojin feroksaid muka ga kumfa na ambaliya ya ce mana wannan aikin katalis ne, Allah ya saka da alheri. Ɗakin gwajin makarantarmu ko gas babu, da kuɗin aljihunsa ya sayo hantar.

Uwargida, Maman yara, ke kika riƙe gida lokacin korona da aka rufe hanya, ba zuwa ba dawowa. Ciwon yara, kuɗin makaranta, surutun mutane, duk ke kaɗai. Wannan ba a Facebook zan biya ba. Surukaina, na gode da haƙuri.

Godiya ga hukumar da ta ɗauki nauyin karatuna, da 'yan'uwa Hausawa na nan, 'yan Najeriya da Nijar da Ghana, ɗalibai da 'yan kasuwa, waɗanda tuwonsu da miyar kuka suka raba ni da kewar gida.

Ɗaliban da suka turo tambaya kan neman gurbin karatu a wannan fanni, ku ba ni mako biyu in kammala gyare-gyaren da kwamiti ya nema, zan amsa wa kowa in sha Allahu. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini. Allah ya bar zumunci.