Kwanan daji a kewayen Tawa: daga bakin Tabalak zuwa duwatsun Keita

Ƴan'uwa masu koyon kwanan daji, ga inda aka kwana a namu ɓangaren na Tawa. Tun da aka kawar da amfanin gona muke fita ƙarshen mako, mu ƴan fadarmu na Jami'ar Jibo Hamani, wani zubin bakin ruwa, wani zubin kan dutse. Sababbin shiga suna ta tambayar sunan wurin da ake biya a kafa tanti, to bari in sallame su tukuna. Kada ku fito da tunanin za ku tarar da fili mai shinge da famfo da makewayi, mai gadi ya karɓi kuɗi ya nuna muku gurbinku. Wannan a bidiyon Turawa muke ganinsa. A nan kowane taku na ƙasa da mai shi: in ba gonar wani ba ce, makiyaya ce, ko burtali, ko mashayar dabbobi. Don haka neman makwanci aiki biyu ne, duban ƙasa da neman mutanen wurin, kuma a ganina na biyun ya fi nauyi.

Duk mai farawa, Tabalak nake tura shi. Tazararsa da Tawa kimanin kilomita 50 ce a kan titin Agadas, motocin Abalak duk ta nan suke bi, ko ba ku da abin hawa tasha ta ishe ku. Tabkin Tabalak dogo ne, ya miƙe cikin kwari, kuma tun 2005 yana cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ta ce a kiyaye. In kun je tsakanin Nuwamba da Fabrairu za ku ga dalili: tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai sun sauka sun cuɗanya da na gida, ga kirinjijiya, ga dinya, ga zalɓe tsaye cikin ruwa, ga balbela a bayan shanu. Masunta na fid da tarwaɗa da karfasa, ana soyawa a bakin titi, abincin daren farko ke nan ba sai an ɗora tukunya ba.

Zuciya takan so a kafa tanti daf da ruwa, a farka ana kallonsa. Ku ƙi mata. Da magariba sauro yake tasowa daga ciyawar gaɓa, kuma zazzaɓin da za ku koma da shi ba ya duba cewa jarrabawa ta kusa. Baƙar lakar nan da ta tsage a sama, ƙasanta jiƙe yake, kafin asuba sanyinta ya ratsa tabarma ya shiga haƙarƙari. Sannan bakin ruwa ba naku ba ne ku kaɗai. Safe da yamma shanu da raƙuma da jakuna suna saukowa sha, masu noman rani kuma bin ruwa suke yi yana ja da baya suna shuka, ta yadda filin da kuka ga kamar babu komai wataƙila irin albasa ko wake ne kwance a cikinsa. Ƙa'idar da muka tsaya a kai yanzu ita ce a juya wa ruwa baya a yi ta tafiya har ƙafa ta bar laka ta taka jigawa, a ɗan hau inda iska ke wucewa. Yawanci tafiyar minti goma ce zuwa sha biyar. Daga can ma tabkin ya fi kyan gani.

In an sami tudun, sai a sunkuya a dubi ƙasa kafin a sauke kaya. Sawun kofato da kashin shanu da suka miƙe layi guda, burtali ne, a kauce masa nesa, garke ba ya canza hanya don baƙo ya yi shimfiɗa. Shara da busasshiyar ciyawa da suka maƙale a rassan ƙasa-ƙasa suna nuna iyakar da ruwa ya kai da damina. Zaɓen itace ma da wuyarsa. Gawo ne mai ganye a wannan lokaci, inuwarsa ba ta da na biyu, amma ƴaƴansa ke tara awaki da tumaki a gindinsa, inda dabbobi ke yini kuwa ba a rasa kaska. Bagaruwa ƙayarta na huda tabarma har da takalmin roba. Itacen da kuka ga ƙasansa ya yi fari fat, nan balbela ke kwana, wanda ya shimfiɗa a wurin zai wanke bargo da safe. Mu dai aduwa muka fi samun sauƙi da ita, a share ƙayar da ta zubo da tsintsiya, shi ke nan. Tsintsiyar nan kada ku raina ta, saboda ƙarangiya da tsidau, ta fi wasu kayan da muke saye da tsada amfani.

Wanka a tabki kuwa mun hana kanmu. Ruwan da ba ya gudu shi ne gidan tsargiya: ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa ta ratsa fata, ba sai an sha ruwan ba, bayan makonni mutum ya ga jini a fitsari. Akwai maganinta a gidan likita, amma me ya yi zafi.

Yanzu zancen mutane. Muna ƙoƙarin isa kafin la'asar, kuma ba ma sauke ko jaka sai mun gaida mai gari, da ɗan goro da sukari da ganyen shayi a hannu. A wani ƙauye na bakin tabkin, bayan an gama gaisuwa, babbanmu ya ce, "Ranku ya daɗe, ɗalibai ne mu daga Tawa, muna neman izini mu kwana can wajen tudu."

Dattijon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ƴaƴana, ga zaure, ga tabarma, ga ruwa a randa. Me aka yi muku a gida da za ku kwana a daji?"

"Baba, kwanan wajen muka zo koyo."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa, sannan ya kira wani yaro: "Kai su tudun bayan lambu, ba na gabas ba, can akwai ramukan macizai. Ka gaya wa mai lambun baƙina ne."

Abin da muka samu a wannan ɗan zaman babu taswirar da za ta ba mu shi. Ina duba hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps kafin kowace fita, ina kuma sauke taswirar a waya saboda inda babu layi, amma hoton yakan kasance na wata shekara ko na wani lokacin daban, ya nuna ruwa inda yanzu lambu ne. Ba ya nuna tudun da ke da macizai, ba ya nuna gonar da ake rikici a kanta. Kuma da mai gari ya san da ku, makiyayin da ya hangi haske da dare ya san ko su wane ne, ba zai zaci ɓarayin dabbobi ba. Kullum sai an yi muku tayin zaure. In kun ƙi, ku ƙi da ladabi. In kuwa mai gari ya ce yau kada ku kwana waje, kada ku nemi dalili, ku shiga zauren.

Ɓangaren dutse, gabas muka karkata, wajen Keita, cikin Adar Dutsi. Wanda ya san Bagazam a Abzin, mai ƙololuwa mita 2,022, zai yi murmushi in ya ji mun ce dutse, namu bai kai rabinsa ba. Tudu ne shimfiɗaɗɗe mai marmara a sama, ruwan damina ya yanyanka shi kwari-kwari, sai dai hawansa da bidon a kafaɗa yana sa mutum ya daina raina shi. A gangaren akwai farin dutse, in kun duba da kyau za ku tsinci masu siffar ƙwanson halittun ruwa, domin teku ya taɓa rufe wannan yanki fiye da shekaru miliyan 50 da suka wuce. Irin dutsen ne ake sarrafawa a yi siminti a Malbaza. Wani abokinmu ba ya shan shayin safe sai ya cika aljihu da su.

Wani abin da zai ɗauki idonku shi ne ramuka jere-jere a jikin tudu da layukan duwatsu da suka bi kwanciyar ƙasa. Aikin hannu ne. A 1984, cikin tsananin fari, aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da kuɗin Italiya da taimakon FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana biyan ma'aikata da abinci, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a ka, mazan da dama suna ci-rani. An dasa miliyoyin itatuwa, an gina madatsun ruwa. Wannan ya shafe mu kai tsaye: in kuna neman dutsen danne igiyar tanti ko na murhu, kada ku cire daga layin, ku tsinto warwatsattsu. Layin shi ke tsayar da ruwa ya nutse, giɓi ɗaya ya isa ruwa ya sami hanya ya fara zaizaya. Da dare kuma ramukan na karya ƙafa, kowa ya riƙe fitilarsa.

A ina ake kwana a dutse? Mun gwada sama, mun gwada gindi. Sama babu sauro, layin waya ya fi kamawa, amma daga tsakar dare iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas ta yi ta kaɗa tanti kamar ana bugun shanya, ba mai runtsawa. Turakun da ke zuwa da tanti ba sa shiga marmara, lanƙwashewa suke yi. Maƙeri ya yanka mana rodi tsawon taƙi guda-guda ya lanƙwasa kan, su muke bugawa yanzu, inda suka ƙi kuma a ɗaure igiya a dutse. Gindi akwai kori, yashinsa laushi, yana kiran mai gajiya. Da rani ba a cika jin komai ba, amma ba na son kowa ya saba da shi, domin da damina ruwa kan sauka can kan tudu, ko ɗigo bai taɓa ku ba, kori ya cika ya zo da itace da duwatsu cikin dare. Inda ya fi mana shi ne tsaka-tsaki, a kafaɗar tudu ta kudu maso yamma, dutsen ya tare iska, ƙofar tanti ta ba hunturu baya. A Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, ga iska, bargo ɗaya ba ya isa.

Dutse gidan kunama ne. A juya shi da sanda tukuna kafin a sa hannu, a zazzage takalmi da safe. Kububuwa ma tana nan, ƙarama ce, launinta ya saje da tsakuwa, da dare take yawo. In ta sari wani, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, a ɗauke shi sai gidan likita. Shi ya sa tun a zauren mai gari muke tambayar ina ne likita mafi kusa, wa ke da abin hawa a garin, mu karɓi lambarsa.

Kaya sun ragu sosai, wannan ci gaba ne da nake alfahari da shi. A bakin tabki sau da yawa tanti ba ya fita daga jaka: gidan sauro, tabarma, bargo, da tamfol da ake ɗaurewa ta gefen iska. Ruwa ne ba ya raguwa. Bidon mai lita 25 da ƙyar yake kai mutum huɗu yini da kwana in an haɗa da girki da alwala. In ya ƙare muka ɗebo na rijiya, sai a tace da ƙyalle a jefa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa, a jira minti 30. Guzuri garin rogo da ƙuli-ƙuli, kilishi, cuku, dabino. Gawayi daga Tawa muke zuwa da shi, ba ma sare ko reshe, dokar gandun daji ta 2004 tana nan, jami'anta kuma suna zagayawa. Wuta a haƙa mata rami, a kashe ta da ƙasa kafin a kwanta, ciyawar kaka ba ta jiran a yi mata bayani. Leda duk mu koma da ita, in akuya ta haɗiye ta asarar wani ce.

Batun tsaro ba na wasa da shi, ku ma kada ku yi. Tilliya da Tasara, can arewacin jihar Tawa, an sa su ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017, ba ma dosar can, komai kyan wurin da aka ba mu labari. Ko inda muke zuwa, halin wannan wata ba lallai ya zama na wata mai zuwa ba. Muna tsayawa wurin jandarmomi mu faɗi inda za mu da ranar dawowa, kowa da katin ɗan ƙasa da na ɗalibi, mu tambayi ko an hana hawa babur a yankin. Ba ma tafiyar dare, kuma ba ma sa hoton makwancinmu a WhatsApp sai mun dawo gida.

Abin da ke gabanmu shi ne tabkin Ɗan Dutsi, kudu maso yammacin Tawa, wajen garin Bagaruwa, shi ma ya shiga jerin Ramsar a 2005. Muna son mu je kafin zafin Maris ya kama, in jandarmomi sun ce hanya lafiya. Abin da ya rage mana shi ne ɗan gari. In a cikinku akwai wanda iyayensa ke can, ko ya san mai kai mu gaban mai gari, ya same mu a fada bayan sallar isha'i, mu tsara kuɗin mota da na gawayi tare.