Gudawar yara da burin 2030

A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara cewa zuwa 2030 mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kada ta wuce 25 cikin kowace haihuwa 1,000. A Tudun Wada da Sabon Gari, damina na sauka gudawa ke kwantar da yara, kuma wajen haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari da ake jiƙa wa mai gudawa, ake kuskure. Ƙunshin lita ɗaya ruwan leda (fiya-wata) guda biyu yake ci. Iyaye mata kan zuba shi a ƙaramin kofi, gishiri ya yi yawa, yaro ya ƙara bushewa. In ruwan ORS ɗin ya kwana ya wuni, a zubar. Maganin zinc kuwa, da ake ba yaro tare da ORS, miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, rabi ga ɗan ƙasa da wata 6, ko da gudawar ta tsaya.