Sunan da ke jirana da asuba

Shekara uku ke nan ina bin wata al'ada: kullum da asuba, bayan na karanta Zabura, sai in buɗe kalandar ikkilisiya in duba wanda ake tunawa da shi a ranar, in karanta ɗan tarihinsa, sannan in yi addu'a. Galibi akan ajiye sunan mutum ne a ranar da ya rasu, domin Kiristocin farko sun ɗauki ranar shahada a matsayin ranar haihuwa zuwa rai madawwami.

Abin da ya sa na ɗore a kai shi ne ba ni nake zaɓen sunan ba. Da an bar ni da son raina, da labarin shahidai kaɗai zan riƙa bi, irin su Fafetuwa, matashiya mai goyo da aka kashe a birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, a shekarar 203. Amma ranar 28 ga Agusta sai kalandar ta kawo mini Agustin, bishop na birnin Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya tsufa yana rubuce-rubuce da muhawara har ya rasu a kan gadonsa a 430, kuma na yarda da farko ina gaggauta wuce irin waɗannan ranaku. Ranar ƙarshe ta shekara kuwa ta Samuel Ajayi Crowther ce, yaron da aka kama bawa, ya zama bishop a 1864, ya kuma jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci.

Sai dai sunan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Janani Luwum, babban bishop na Yuganda, wanda da malamin makaranta ne. A farkon Fabrairun 1977, shi da sauran bishop-bishop suka rubuta wa Idi Amin, shugaban ƙasar na lokacin, takardar koke game da kashe-kashe da ɓatan mutane a hannun jami'an tsaro. Ranar 16 ga watan aka kama shi tare da ministoci biyu bisa zargin shirya juyin mulki, da gari ya waye kuma gwamnati ta sanar cewa haɗarin mota ne ya kashe su. Da gawarsa ta isa ƙauyensu, Mucwini, sai aka tarar da raunukan harsashi a jikinta.

A ganina, abin lura a nan shi ne ba wanda ya ce masa ya yi musun Almasihu. Magana ya yi a madadin iyalan da ba su san inda aka kai nasu ba, alhali ya san halin wanda yake yi wa maganar, ikkilisiya kuma ta lasafta wannan a matsayin shahada. Tun da na gane haka, duk ranar tunawa da shi nakan sa a addu'ata iyalan da ke zaman jiran 'yan uwansu da aka sace a nan arewa.